Takardun da Khairiyya Ta Liƙa

Malam Ubale mutumin Ɗanzomo ne, amma a Gumel ya tsufa, a wani ɗaki mai taga ɗaya inda lauyoyin yankin ke ajiye littattafan shari'a. Shi ke riƙe da makulli. Lauya kan shigo da rigimar gona daga Gagarawa, ko ta shanu daga Maigatari, yana neman tsohon hukunci mai kama da ita. Malam Ubale ya taka kujera ya sauko da littafi, ya mayar, ya sauko da wani. Wata rana a dace kafin azahar, wata rana a wuni.

Aikin da ya cinye masa ido shi ne liƙi. Idan babbar kotu ta soke wani hukunci, sai ya yanki 'yar takarda ya rubuta hakan, ya liƙa a shafin, don kada wani ya kai wa alƙali mataccen hukunci. Da ƙaro yake liƙin, yana jiƙa shi a murfin kwalba, kuma bakin takardar kawai yake shafawa domin a iya ɗagawa a karanta abin da ke ƙasa.

'Yarsa Khairiyya takan taya shi idan ta zo hutu daga karatun lauya. Rubutunta ya fi nasa kyau, amma sai ta lafta ƙaro a bayan takardar gaba ɗaya, ta danne da tafin hannu.

"Ke, bango kike yaɓe?"

"Baba, naka iska ce za ta kwashe. Nawa kuwa ya zauna ke nan."

Ba ta gama karatun ba. Zazzaɓi ya kwantar da ita a wata damina, ba ta tashi ba. Mahaifiyarta ta rabar da littattafanta ga 'yan ajinsu, don haka rubutun hannunta bai rage ko'ina ba sai a waɗannan shafuka.

Da Barista Ummukulsum, shugabar lauyoyin, ta kawo kwamfuta, Malam Ubale bai yi gardama ba. Ya ga aikin wuni ya ƙare kafin shayi ya huce, ya ga na'urar da kanta tana nuna hukuncin da aka soke. Gwiwoyinsa ma sun gaji da kujerar. Saura tsofaffin hukunce-hukuncen da babu su a ciki, aka ce za a ɗauki hoton shafukansu a zuba.

"Baba Ubale, naka liƙin ba matsala, ɗagawa ake yi," in ji Barista. "Waɗannan fa, wane magini ya yi su? Sun rufe rubutu ruf."

"Khairiyya ce."

Barista ta sauke littafin a hankali. "Allah ya jiƙanta. Ban sani ba, Baba. A bar su."

"A bar su, wani ya karanta rabin hukunci? Ba ni, ni zan cire."

Takarda ta farko ya sa mata ruwa. Ƙaron ya saki, amma tawadar ta narke, takardar ta koma shuɗin tabo. Ta biyu ya gwada reza, shafin ya yage. Ya zauna yana kallon yatsunsa. Barista ta ɗauki hoton sauran a wayarta ta nuna masa. Ya yi godiya ƙwarai. Sai dai ba a kan hoton Khairiyya ta ɗora tafinta ba.

Washegari ya zo da butar shayi da ɗan murhu, ya zauna a bakin ƙofa. Ya riƙa kara shafi a tururi, ya jira, ya ɗaga da farce kaɗan-kaɗan. Wasu suka fito lafiya, wasu rubutun ya dushe, wasu suka tafi. Damina ta wuce yana wannan aiki. Lauyoyi na wuce shi su nufi kwamfuta, su ce, "Baba, yau ma littafi ake dafawa? A sa mana gishiri."

"Naku ya nuna tun ɗazu, ku shiga."

Ranar da ya gama, ya miƙa wa Barista littafin ƙarshe, kowane layi a buɗe. Takardun da suka tsira ba su cika tafin hannu ba. Ya kai su gida, ya buɗe akwatin da yake ajiye rigunan sallah, ya jiƙa ƙaro. Ya fara shafa bakin ta farko yadda ya saba, sai ya dakata. Ya lafta mata ƙaro a baya gaba ɗaya, ya ɗora a cikin murfin akwatin, ya danne da tafin hannu.