Mai Ɗiga Ruwa a Wuyan Kwalba

A zamanin da ayarin Tarabulus ke sauka Damagaram, kafin zuwan Nasara, duk Matameye an san Illa. Sana'arsa ita ce ya ƙwaƙule layi mai murɗewa a cikin wuyan kwalbar turare, ya sassaƙa marfin itace da zai bi layin, a murɗa ya kama gam. Ko raƙumi ya yi tutsu, turaren ba ya zuba.

Abin da bai taɓa faɗa a kasuwa ba shi ne, aikin na mutum biyu ne. Yana goga wuyan da ƙarfe da lallausan yashi, yayarsa Shekara na ɗiga ruwa da tsinke. Da kunne take aiki. Da kukan kwalbar ya canja ta san ta ɗau zafi, sai ta ƙara ɗigo. Shi ake kira gwani, ita ko sannu.

Wata rana Agali, madugun ayari, ya kawo koriyar kwalba. Ya ce a yi a gabansa, in ya gamsu, kwalaben ayarin duka na Illa ne. Illa ya shimfiɗa tabarma a zaure, sai ga Shekara ta fito da ruwa da tsinkenta.

"Yaya, koma ciki. Baƙo namiji ne."

"Ni da na yi jika? Yau ka san kunya, Illa?"

Ba kunya ba ce. Tsoro yake kada Agali ya ga inda rabin gwanintar take. Da ta shige, ya kama ƙarfen da dama, yana yayyafa ruwa da hagu. Bai kai murɗi na biyu ba, ƙas! Wuyan ya rabe. Agali ya tsince ɓaraguzan, ya fita ko sallama babu.

Illa ya faɗa cikin gida yana huci.

"Baki kika yi mini!"

"Tankaɗe nake yi, gwani. Daga nan na ji tana kuka."

"Kin ji, kika yi shiru?"

"Wa ya ce in koma ciki?" Ta ture rariyar. "Daga yau a zaure zan ɗiga, gaban kowa. In ba haka ba, ka nemi mai yi maka."

Daga baya Agali ya aiko cewa zai ba shi dama ta biyu. Magana ɗaya ta rage wa Illa: "Yaya, fito." Ya gwammace ya ɗau hauya ya nufi gonarsa ta hanyar Kance. Ya yi shekaru yana noman gero, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa kwalaben yanzu ba su da ƙwari.