Mai Rana, Wanda Ya Bar Lambunsa a Ƙarshen Layi

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan nan, Allah Ya karɓi ran makanikenmu kuma maƙwabcina a lambu, wanda muke kira Mai Rana, bayan gajeren zazzaɓi. Ni da nake sa'an mahaifinsa, ni na riƙe makararsa.

Ɗana, bari in yi magana da kai kamar kana tsugune gefen rijiya.

Ka same mu muna fama da injin ban-ruwa mai shan fetur, mai tari kamar tsohon da ya ƙi barin taba. Ka kawo farantan sola da ɗan famfo, ka ce rana ce za ta ɗebo mana ruwa. Muka yi dariya. Mu dai ranar da muka sani, busar da rijiya take yi.

Ban manta da maƙwabcinmu mai albasa ba. Da ya ga zafi ya tsananta, tausayin farantan ya kama shi, ya lulluɓe su da tabarma kamar yadda muke yi wa inji inuwa. Ruwa ya tsaya, ya zo yana cewa kayanka sun lalace. Ba ka kunyata shi ba. Ka ɗage tabarmar, ka ce, "Kawu, waɗannan ba sa son gata. Bar su su sha wahala."

Daga nan ka shiga jan bututu, lambu bayan lambu. Ka fara da na tsofaffi da na matan da ba su da mai taimako. Naka yana can kan tudu, ƙarshen layi, matarka tana shayar da irin tumatir da bokiti. Na yi maka faɗa, na ce ko mai rabon nama yana lasar yatsa. Ka ce in bari, rani da sauransa.

Ranin yana nan, kai ne ba ka nan. Bututun ya tsaya a lambun da ke kafin naka, irin ya isa dashe, shi ne kuma abincin 'ya'yanka na bana.

Jiya muka fito da fartanya, mu masu ciwon baya. Muka haƙa, muka haɗa bututun a karkace, irin haɗin da za ka kwance ka sake. Da hantsi ya yi, ruwa ya hau tudu. Aka aika wa matarka, sai ta tambayi ɗan aiken ko ya kai har wajen irin. Aka ce ya kai. Ta ce, "To a dasa," ta juya fuskarta bango.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mu. Ga mahaifiyarka da matarka da 'ya'yanka, Allah Ya ba ku haƙurin da mu ma muke roƙo. Amin.