Doyar Awon Ciki

Makon jiya na shiga kasuwar Yendi neman doya guda ɗaya tak. Mai doyar ta zuba mini ido ina ɗaga wannan ina ajiyewa, ina ɗaga waccan ina jinjina ta a tafin hannu, har ta gaji ta ce, "Hajiya, saye kika zo yi ko awo?" Na yi dariya, don ba ta san ta faɗi gaskiya ba. Sabuwar doya ce, ƙasar jikinta ba ta gama bushewa ba. Da ƙanshin nan na jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancina, sai na ga kaina a tsakar gidanmu na Salaga ina yarinya, kakata tana tsaye a bakin rumfar doya tana gyara ɗaurin zaninta.

Gidanmu gidan fatake ne tun asali. Goro ne ya kawo kakanninmu Salaga, amma kafin zamanin babana goron ya canza hanya, doya ta maye gurbinsa. Hannun awo kuwa bai bar gidan ba. Kaka, wato mahaifiyar babana, ta tashi tana ganin manyanta suna ɗaga huhun goro su faɗi nauyinsa ba tare da sikeli ba, ita kuma ta juya wannan gadon zuwa wani wuri. Duk mace a unguwarmu idan cikinta ya shiga watan haihuwa, sai ta yi sallama a ƙofar Kaka da hantsi. Kaka ta shimfiɗa mata tabarma, ta lakato man kaɗe ta murza a tafukanta har su yi ɗumi, sannan ta bi cikin a hankali daga sama zuwa ƙasa, idonta a rufe, goro a kumatu. Sai ta miƙe ta shiga rumfa, ta yi ta ɗaga doya tana ajiyewa, har ta fito da guda ɗaya ta ce, "Ga nauyin baƙonki."

Wannan doyar ba a cin ta. Ana shafa mata toka a kai don kada a yi kuskure, a tura ta ƙarƙashin gadon mai ciki. Ranar suna ake fito da ita, mata su riƙa karɓar jariri a hannu ɗaya, doya a ɗaya hannun, suna jinjinawa suna cewa, "Wallahi daidai! Hannun tsohuwar nan sai Allah." Daga nan a fere ta a kirɓa wa mai jego sakwara.

Yanzu da na girma nakan yi wa abin dariya ni kaɗai. Doya tana ƙarƙashin gado tana bushewa, yaro yana ciki yana ƙara ƙiba, kuma babu wanda ya taɓa ɗora su a sikeli. Idan jariri ya fi doya nauyi sai a ce ai ya sha nono mako guda. Idan doya ta fi shi sai a ce ai jarirai kan rame bayan haihuwa. Kowa yana son Kaka, don haka kullum lissafi yana fita daidai. Amma a lokacin, da wani ya faɗi haka a gabana, da mun kwashi 'yan kallo.

Doyar nan ba wasa kawai ba ce, tana yanke hukunci. Gonarmu tana can nesa ta wajen hanyar Makango, bayan wani rafi da yake cika ya batse a tsakiyar damina, daidai lokacin haƙar sabuwar doya. Kowace shekara gida yakan kwashe ya koma bukkokin gona har a gama haƙa, innata ce mai dafa wa 'yan ƙodago abinci. Mai ciki kuwa, idan doyarta ta fito madaidaiciya sai a ce haihuwa za ta zo da sauƙi, ta bi mutane gona. Idan ta fito babba sai a bar ta a gari kusa da asibiti.

Ina da wayo sarai lokacin da innata ta yi cikin da ya zo kafin na ƙanena. Doyarta ta fito madaidaiciya, muka tafi gona da ita. Naƙuda ta kama ta rafi yana cike, babu hanyar tsallakewa. Ta daɗe tana fama, mu yara an kore mu gindin wata ɗorawa, muna jiyo ta daga can. Yaron namiji ne, ƙato, kuma bai zo da rai ba. Aka binne shi a gefen gona. Innata ta yi watanni ba ta iya ɗaukar tulu. Mutane suka ce ƙaddara ce, babu wanda ya tuna da doyar, ko kuma kowa ya yi kamar bai tuna ba.

To, bayan wasu shekaru sai ga wani cikin, kuma watansa ya sake faɗowa a kan haƙar doya. Tun da na lura da shi barci ya ƙaurace mini. Na zama jelar innata, ko bayan gida za ta shiga sai na tsaya a ƙofa. Tsoro nake ji ƙwarai, tsoron a mayar da ita bayan rafin nan ta tafi ta bar mu.

Babana mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma ba ya yarda da abin da bai ɗaga da hannunsa ba. Innata ta je awo asibiti, wata nas ta gwada cikin da zaren awo, ta ce ba za ta iya rantsewa a kan girman yaro ba, amma tun da an taɓa samun matsala, gara ta zauna kusa. Da aka gaya wa babana sai ya ce, "Ita ma ba ta sani ba ke nan. Zaren tela ne zai gaya mini abin da ke cikin mutum? A bari Mma ta duba." Kaka yake nufi, haka yake kiranta. Ba mugunta ba ce. 'Yan ƙodago sun riga sun iso, kuma babu mai riƙe masa tukunyar mutum da yawa kamar innata.

Ina tuna safiyar kamar yau. An yi ruwa da asuba, tsakar gida duk ƙanshin ƙasa, kaji suna tono a gindin randa. Innata ta kwanta a tabarma ta kawar da kai gefe, don kunyar suruka ba ta barinta ta haɗa ido da Kaka. Kaka ta daɗe a kan cikin nan fiye da yadda ta saba. Da ta miƙe ta shiga rumfa, na bi ta. Na ga ta ɗauki wata doya 'yar madaidaiciya, ta riƙe ta a hannu biyu, tana kallonta. Can sai ta sunkuya ta mayar da ita, har da tura ta da ƙafa ƙarƙashin sauran. Ta wuce can ƙurya ta rungumo wata ƙatuwar doya da ake ce wa puna, irin wadda babana yake warewa don nuna wa 'yan sari, ta fito da ita tana nishi.

Ba ta miƙa wa innata ba kamar yadda aka saba. Gaban babana ta kai ta, inda yake zaune yana wasa adda, ta dire.

"Ga nauyin abin da ke cikin nan," in ji ta. "In ka ga za ka iya tsallake rafi da shi, bismilla."

Babana ya ajiye addar ya ɗaga doyar. Na ga jijiyar hannunsa ta tashi. Ya ajiye ta, sannan ya ce, "Mma, haka?"

"Haka hannuna ya gaya mini."

Washegari aka tafi gona ba da innata ba. Ƙanwar babana ce ta riƙe girkin tana mita, 'yan ƙodago kuma suka yi ta ƙorafin miya har aka gama haƙa. Ni kam ko a jikina. Aka bar ni a gida tare da innata da Kaka, kullum da safe sai na leƙa ƙarƙashin gado in ga ƙatuwar doyar nan in gode mata.

Haihuwa ta zo da rana tsaka, a asibiti, cikin sauƙi, kafin ma Kaka ta gama goron da ke bakinta. Sai ga ƙanena ɗan mitsitsi, lafiyayye, mai kuka kamar ɗan akuya, amma hular da aka saƙa masa har kafaɗa ta rufe. Babana ya taso daga gona ƙafa duk laka, ya karɓe shi, ya jinjina shi a hannu, ya dubi mahaifiyarsa. Sai ya mayar da shi hannun innata kawai, don ɗa ba ya ƙure uwarsa a gaban mutane.

Mata kuwa ba su da wannan kunyar. Ranar suna da aka fito da doyar, wannan karon babu dabarar da za ta daidaita lissafi. Wata maƙwabciyarmu mai baki ta karɓi yaro, ta gwada ɗaga doya da ɗaya hannun ta kasa, ta ce, "Kaka, ko dai saura biyu a ciki ba su fito ba?" Tsakar gida ta ɗauki shewa. Kaka ta yi murmushi ta ce tsufa ne, hannu ya fara mantuwa. Sakwarar ranar har maƙwabta suka samu. Ƙanena kuwa har yau, da furfurarsa da jikokinsa, tsofaffin unguwa Babbar Doya suke ce masa.

Daga nan masu ciki suka fara raguwa a ƙofar Kaka. Wasu suka koma wajen wata tsohuwa a wata unguwa, wasu suka tsaya ga asibiti. Na sha dambe a bakin rijiya saboda yaran da suke cewa hannun kakata ya mutu. Ita ba ta taɓa kare kanta ba. Amma kullum da hantsi tana shimfiɗa tabarmar nan, ta ajiye kwanon man kaɗe a gefe, kuma idan ta ji sallamar mace sai ta ɗago kai da sauri. Wannan ɗago kan ya fi komai yi mini ciwo, har yanzu idan na tuna sai idona ya kawo ruwa.

Sai da na yi aure a Yendi, na dawo gida goyon ciki na fari, sannan na ji sauran labarin. Lokacin Kaka ta tsufa tukuf, ba ta gani sosai. Na kwanta a gabanta na ce ta auna ni, don in faranta mata. Ta murza man kaɗe, ta ɗora tafukanta masu ɗumi a cikina, na ji yaron ya motsa ya nufi hannunta. Na ce, "Kaka, wace doya zan ɗauko?"

Ta yi 'yar dariya. "Kishiyata," haka take tsokanata tun ina ƙarama, "hannu yana jin kai, yana jin baya, yana jin ko yaro ya juya. Nauyi kuwa kintace ne. Akwai ruwa a ciki, akwai kitsen uwa, wa ya raba su a cikin duhu? Wanda muka binne a gona, da gaskiyata na ɗauko masa doya madaidaiciya. Da na sake jin hannuna ya ce madaidaiciya, sai na ce ba zan ƙara jingina ran uwarki a kansa ba. Ubanki kuma ba ya jin magana sai mai nauyi."

Na ce ai da ta faɗa wa mutane, da ba a yi mata dariya ba. Ta ce da ta faɗa, da babana ya ji kunya a gari, dariya kuma ba ta kashe tsohuwa. Sannan ta dafa cikina ta ce in yi zamana nan gari kusa da asibiti, kada in jira doyar kowa.

Yau zamani ya canza. Rumfar doyarmu ta zama shagon sayar da katin waya, an yi gada a kan rafin, kuma masu ciki hoton ciki suke yi, a ga yaro a allo yana tsotson yatsa. Abin alheri ne, ina ma innata ta same shi. Autata tana aure a wani ƙauye bayan Kulungugu, cikinta ya tsufa, haihuwarta ta farko kuma da ƙyar aka sha. Ta je Bawku aka yi mata hoton, aka faɗa mata kilo kaza. Ma'aikaciyar, Allah ya yi mata albarka, ta gaya musu gaskiya: a ƙarshen ciki na'ura ma kintace take yi, yaro yana iya fin haka, yana iya kasawa, don haka gara ta dawo gari kafin lokaci. Autata ta ji duka. Mijinta lambar kawai ya ji. Ya kira ni a waya da Hausarsa ta Bawku, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta, ya ce, "Mma, sikan ya ce yaro ba shi da girma. Zai iya haihu a gida, aikin gona ya yi yawa." Hanyar ƙauyensu kuwa idan aka yi ruwa ko babur ba ya bi.

Shi ya sa na je kasuwa. Na zaɓi wadda ta fi kowace girma, na shafa mata toka a kai, na shiga mota da ita a cinya tun daga Yendi. Da na isa na sa autata ta kwanta a tabarma, na murza man kaɗe, na rufe ido na bi cikin daga sama zuwa ƙasa, alhali ban san komai ba sai ɗumin jikana a tafina. Sannan na kwance ƙyallen da na naɗe doyar a ciki, na dire ta a gaban surukina, na ce masa haka muke yi a Salaga tun kakanni, ga nauyin baƙonsa. Ya ɗaga ta da hannu biyu, na ga fuskarsa ta canza. Ya ajiye a hankali ya fita neman mota.

Autata ta riƙo hannuna, idonta ya cika da tsoro. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Mma, da gaske haka yake da girma?"

Na ce, "Ban sani ba, 'yar nan. Kakata ma ba ta sani ba. Tashi ki ɗauko jakarki."