Ranar da Akwatin Karatu Ya Zo Gidanmu

Wata Asabar ce cikin kaka, shekarar da nake aji huɗu na firamare, an gama girbin gero ana jiran dawa ta ƙosa. Tun rana ba ta gama fitowa ba na tsaya a ƙofar gidanmu a Ƙauran Namoda, na rataye guntun ƙarfen dogo a reshen magarya, na ɗauki dutse na buga shi da iya ƙarfina. Wannan ƙarfe shi ne ƙararrawar makarantarmu, kuma duk gidan da aka ji ƙararsa ta fito, can yara za su nufa. A tsakar gida mun shimfiɗa tabarmi har bakin rumbu, ga ƙwaryar fura an rufe da faifai, ga akwatin karatu a gindin bango. Na sa rigar sallata, na shafa mai har goshina yana ƙyalli. Ranar ce zagaye ya zo kanmu, kuma ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so in ga yaran unguwa sun cika gidanmu ba.

Yadda aka yi karatu ya koma gidaje kuwa, a shekarar ne mutanen ƙauyukan wajen Kurya Madaro suka gudo cikin gari saboda 'yan bindiga. Ba inda za a sa su sai azuzuwanmu, don haka aka ce mu zauna gida sai an neme mu. Mu yara ko a jikinmu, muka kama yawon bakin dogo da jifar ƙadangaru. Wadda abin ya tsaya wa a rai ita ce Malama Kulu, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya, 'yar gajeruwa mai muryar da ake ji daga layi na uku. A gidan wani suna ta tare matan unguwa, ta ce musu in aka bar mu haka, ranar da za a buɗe makaranta ko sunanmu ba za mu iya rubutawa ba. Nan aka shirya abin da muka riƙa kira makarantar zagaye. Kowane gida zai karɓi yara mako guda, daga Asabar zuwa Laraba, Malama ta riƙa bin mu duk inda muke.

Kayan karatun duka a akwati ɗaya suke, tsohon akwatin ƙarfe na lefen Malama wanda furannin jikinsa suka koɗe. A ciki akwai alli, da ƙananan allunan katako da aka shafa wa baƙin fenti, da littattafan koyon karatu marasa bango, da jakar 'ya'yan tsamiya na lissafi, da tsumagiya, da taswirar Nijeriya wadda ɓeraye suka cinye wa Legas. Da safe Malama takan fara da kiran suna, sannan hadda: mu rera sau biyu sau uku, mu jero jihohi da manyan biranensu har maƙogwaro ya bushe. Bayan karatu da rubutu sai darasin uwar gida, inda matar da ta karɓe mu za ta koya mana abin da ta iya. Wata ta yi mana tarihin Annabawa, wata kacici-kacici, Gwaggo Balki uwar ƙawata Hadiza kuwa matsar man gyaɗa ta koya mana, muka cinye rabin tunkuzar. Laraba ranar wasa ce, mu 'yar gala-gala da carafke, maza langa. Doka ɗaya ce Malama ba ta wasa da ita: gidan da akwati ya sauka sai ya ƙara wani abu a ciki kafin ya wuce. Takan ce, "Akwatin nan kwanon tuwo ne, ba a mai da shi wofi."

Gidanmu ne na ƙarshe a zagayen, don shi ne na ƙarshe a unguwar. Sai ka tsallake layin dogo kafin ka kai gare mu, bayanmu kuma ba kowa sai gonaki. Baba yana kudu wajen fataucin albasa, sai a yi watanni ba mu gan shi ba. Daga ni sai Inna sai awakinmu. Inna Bafulatana ce daga wata ruga kusa da Dauran, sana'arta zanen ƙwarya, kuma mace ce mai fulako na ƙin ƙarawa. Ba ta aro, ba ta ƙorafi, ba ta shiga gidan kowa sai da dalili. Ni ce 'yarta ta fari, ni kaɗai kuma Allah Ya raya mata, saboda haka kunyar ɗan fari ta hau kaina gaba ɗaya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke wagga" take ce mini, in kuma da baƙi a gida ko kallona ba ta yi. Na san al'ada ce, kowa ya sani, amma in na ji Gwaggo Balki ta ƙwala wa Hadiza kira, ita da ba 'yar fari ba, sai in ji ina ma ni ce.

Ni na zaci Inna za ta ce a tsallake mu, tunda ko bihim ba ta sani ba a boko. Ashe ta riga ni shiri. Tun ana saura makonni ta fara tara sakaina, ta kankare su, ta gyara bakinsu har suka zama kamar tafin hannu. Kullum bayan la'asar sai ta sa ni in rubuta harafi ɗaya da gawayi a kan kowace, ita kuma ta sa wuƙar zanenta a murhu, in ta yi ja ta bi layin gawayin a hankali tana ƙonawa. Har yau in na ji ƙaurin ƙwarya sai in tuna da yammacin nan. Takan ɗaga sakaina ta tambaye ni wannan wace ce, in faɗa mata, ta maimaita ƙasa-ƙasa kamar mai jin nauyin harafin. A gefen kowace ta yi 'yar ƙawa irin ta ƙwaryar amarya. Ta sake daɓen tsakar gida, ta wanke tabarmi, ta surfa geron fura mai yawan da ban taɓa ganin an surfa a gidanmu ba.

Ranar Juma'a da yamma na ari baro na je ɗauko akwati a gidan su Hadiza. Na tarar da mata sun yi cirko-cirko suna magana ƙasa-ƙasa, ina sallama suka yi tsit. Gwaggo Balki ta ɗora hannu a kan murfin akwatin, ta daɗe ba ta ɗauke ba, sannan ta ce in gai da Innata. Ni murna ta rufe mini ido, na turo barona ina waƙa. Sai daga baya na san cewa da safiyar ranar an kai hari wani ƙauye kusa, kuma magana ta bazu a gari cewa masu dangi a ruga ne ke kai wa maharan labari.

To, na buga ƙarfe na jira. Na sake bugawa. Hantsi ya ɗaga, inuwar magarya ta janye daga kaina, layin dogo ya fara ƙyalli da zafin rana, ba wanda ya tsallako. Abin da ya fi ci mini rai, daga inda nake ina jin dakan matan unguwa, har ina iya gane taɓaryar Gwaggo Balki. Suna nan ƙalau, sun kuma ji ƙararrawata. Na hango wata yarinya ta leƙo daga bayan katanga, aka fizge ta ciki. Na buga ƙarfen nan har dutsen ya fashe a hannuna, sannan na shiga gida na zauna a ƙarshen tabarma na fashe da kuka. Kaɗaici na sani tun ina ƙarama, amma ban taɓa jin irin na ranar ba, ga tabarmi a shimfiɗe ba kowa a kai sai kaza.

Inna ba ta rarrashe ni ba, ba halinta ba ne. Ta ɗan tsaya tana kallon ƙofa, sannan ta gyara ɗaurin kallabinta, ta buɗe akwati ta ɗauko tsumagiyar Malama, ta kifa turmi ta zauna a kai. Ta ce in share hawaye in zauna daidai, ta tambaye ni da mi Malama ke farawa. Na ce da kiran suna. Sai ta fara. Ashe duk surutun da nake yi mata da yamma tana ji, ta haddace sunan kowa. Ta kira Hadiza, ta saurara. Ta kira Sani da Basiru da Luba, bayan kowane ta yi shiru gwargwadon yadda mutum zai amsa, ba mai amsawa sai akuya da ke tuƙa a gindin rumbu. Sunaye suka ƙare, saura nawa. Ta kawar da kai ta dubi bango, ta ce, "Ramatu."

Wallahi ban amsa ba. Ban san haka sunana yake a muryarta ba, sai na ji kamar wata ake kira. Tana kallon bangon nan ta ce, "Ita ma Ramatun ba ta zo ba?"

Na ce, "Na'am, Malama."

Muka yi karatu har azahar. Ita ke ɗaga sakaina ni ke faɗin harafi, rabin lokaci a juye take riƙe da su, in gyara mata, ta harare ni ta ɗaga tsumagiya. Na rera mata sau biyu sau uku, ta saurara kamar ta san inda zan yi kuskure. Muka sha fura har ciki ya ɗaure, sauran ta yi tsami a ƙwarya.

Bayan azahar Malama Kulu ta yi sallama, ita kaɗai, kuma ranar ce na fara jin muryarta ta yi ƙasa. Ta ce tun safe take bi gida-gida, iyaye sun ce hanyar ta yi wa yara nisa, don haka za a mai da akwati cikin unguwa. Inna ta ce gaskiya ne, da nisa. Ta kawo wa Malama ruwa, ta tattara sakainun nan ta ɗaure a tsumma mai tsabta ta sa a akwati. Malama ta ce ta bar su, ai ba a yi karatun ba. Inna ta ce, "An yi. Kuma ke kika ce ba a mai da kwano wofi."

Washegari na tsallaka dogo na bi akwatin zuwa gidan da ya koma, don Inna ta ce ba a fushi da karatu. Yara suka yi ta rububin haruffan, ƙananan da suka kasa gane rubutun allo da su suka koya. Malama ta faɗa da ƙarfi cewa Innar Ramatu ce ta yi su. Hadiza ta matsa mini wuri a tabarma, amma ba ta dube ni ba. Zagaye ya ci gaba har aka buɗe makaranta, akwatin bai sake tsallako dogo ba. Inna ma ta koma "ke wagga" kamar ba a yi komai ba, haka muka zauna har Allah Ya karɓi abinsa.

Yanzu a Gusau nake aure. Unguwar tamu ta Ƙauran Namoda ta cika da gidajen bulo har bayan gonakin, an sare magaryar, ba wanda zai ce gidanmu ne na ƙarshe. Yara suna zuwa makaranta da jaka a baya, kowa da littafinsa, ba mai jiran akwati. Ina da 'ya ta fari, kuma tun safe har dare sunanta nake kira, da dalili da babu dalili. Uwar mijina kan ce 'yan zamani ba mu da ta ido, in yi dariya in ƙyale ta. Mutane da yawa sun kira sunana tun daga wancan lokaci, a makaranta da asibiti da gidan biki, ina kuma amsawa. Amma kiran da nake marmari sau ɗaya aka yi mini shi, ranar da ba wanda ya zo.