Injiniyan da Ya Hana a Kashe Kyamarar Baba

Ranar Laraba, tara ga wannan wata, da hantsi, saƙo ya shigo wayoyinmu cewa Injiniya ya rasu bayan gajeriyar jinyar ciwon ƙirji. Na Allah muke, kuma wurinsa muka dosa. Na karanta, na ajiye wayar, na sake ɗauka, na tashi na zaga ɗaki. A gabana kibiyar kwamfuta ta maƙale a tsakiyar allo, kuma abin da ya fara zuwa raina shi ne in kira ka.

Kai ne mai kula da kwamfutocin kamfaninmu. Mu da ke aiki daga gida, ta intanet muke shiga kwamfutocinmu na ofis, mu ga allonsu a kan namu. Idan hanyar ta yi nauyi, sai mutum ya danna harafi ya zauna jiran fitowarsa kamar mai jiran mota a tasha. A irin wannan lokacin ne lambarka ba ta hutawa.

Ba ka fara tambayar kwamfuta, gida kake tambaya: wa ke kallon ƙwallo a falo, ina aka ajiye akwatin intanet. Ka taɓa sa mai buga mana takardu ta zaga ɗakunanta da kwamfuta a hannu, tana faɗa maka inda kibiya ke gudu da inda take rarrafe, har aka gano mijinta ya kulle akwatin cikin kabad ɗin ƙarfe. Ka ce mata, "Hajiya, a roƙi maigida ya saki fursunan nan, bai yi laifin komai ba."

Tawa matsalar ta fi nauyi. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa aka bar ni in riƙa shigar da bayanai daga gida. Amma aikina ya yi baya sosai, har Manaja ta ce idan wata ya ƙare ban kamo saura ba, sai in dawo ofis. Wa zai juya Baba? Wa zai ba shi ruwa? Na bi duk matakan da aka ba mu ɗaya bayan ɗaya, na kashe na kunna, na rufe shafuka, babu canji. Har na fara zargin ko hannuna ne ya tsufa.

Da na kira ka, ka saurara jim kaɗan, sannan ka ce, "Akawu, me ya sa nake jin tarin tsoho sau biyu, ɗaya nesa ɗaya kusa?" Na ce kyamara na sa a ɗakinsa, ina ganinsa ta wata tsohuwar waya a gefen teburina. Ka ce, "To ga ɓarawon nan, ita ke cinye hanyar." Na tambaya ko in kashe ta. Ka ce, "Ka kashe idon da kake ganin mahaifinka da shi? Allah ya kiyaye. Ofis za mu rage wa kwalliya." Ka cire hoton bayan allo, ka rage launuka har komai ya koma fari-fari. Aiki ya ɗan motsa, amma bai isa ba. Ka ce maganin shi ne doguwar waya daga akwatin zuwa kwamfuta kai tsaye, za ka kawo ranar Asabar.

Ba ka kai Asabar ba. Da na je gaisuwa, maiɗakinka ta tambaya, "Kai ne mai jinyar Baba?" Sai ta miƙo mini leda, ta ce tun ranar Lahadi ka yanke wayar, ka rataye ta a bayan ƙofa don kada ka manta. Na karɓa, na koma gida da ita.

Na shimfiɗa ta bin bango, na ratsa ƙarƙashin ƙofa. Na cire na mayar ya fi a ƙirga, don ban yarda na sa daidai ba, kuma babu wanda zan tambaya. Can sai kibiya ta bi hannuna. Jiya na kamo abokan aikina, Manaja ta ce in ci gaba da zama kusa da Baba. Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya. Albishir ne a bakina, mai shi kuwa ya tafi.

Allah ya jiƙan ka, Injiniya, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata makwancinka. Yadda ka sauƙaƙa mana hanya, Allah ya sauƙaƙa maka taka. Ga maiɗakinka da 'ya'yanka da mahaifiyarka, Allah ya ba ku juriyar wannan rashi. Baba ba ya iya magana sosai, amma da na gaya masa, ya ɗaga hannunsa mai lafiya, muka shafa tare.