Dalma Mai Ƙaro a Ciki

Me ya hana mijina Malam gaya mini cewa na sayo ba daidai ba? Shekara shida da rasuwarsa, ban samu amsa ba. Rubuta yadda na faɗa, jikata, ko da kin ga ina kuka.

A Riruwai na tashi, garin haƙar kuza. Bayan magariba kakata Iya Dije takan zaunar da mu gaban murhu, tana gasa mana gyaɗa. "Matso nan, mai kunnen ƙashi," takan ce mini, "tatsuniyar yau ta maƙera ce."

Wai Tagulla biyu ne suka ɓata. Kuza da Dalma suka narke don su haɗa su, abu ya ƙi kamawa, saboda fuskokinsu duk dauɗa. Sinadari, maganin liƙi mai ci, ya ce zai wanke su. Nan take ya wanke, aka haɗu, amma ya ƙi tafiya, ya zauna yana cin gidan har ya rushe. Sai Ƙaro ya zo, ya shiga wuta, ya wanke su a hankali, ya bi hayaƙi. Ba wanda ya gode masa.

"Wa za ku gayyata gidanku?" in ji Iya. Ni gyaɗar nake kallo.

Aure ya kai ni Yako. Malam manomi ne, amma da rani ba abin da yake so kamar gyaran rediyo, yana ɗora ƙarfen liƙi kan gawayi. Da ciwo ya kwantar da shi, waya ta tsinke a rediyonsa. Ya aike ni kasuwa in sayo siririyar dalma mai ƙaro a cikinta. Na ga ta yi ƙanƙanta, sai na je wurin masu liƙin bokiti, na sayo mai kauri da ƙullin sinadari. A ganina gata na yi masa.

Ya juya ta a hannu, ya daɗe. Ya yi aikinsa, rediyo ya yi magana. Washegari harshensa ya riƙe, bayan kwana uku ya cika.

Rediyon ne ya rage mini, shi ke hira da ni a ɗaki. Kafin damina ta fita ya yi shiru. Mai gyara ya buɗe, wayoyin duk sun yi kore, sun cinye. A ranar na tuna tatsuniyar Iya.

Malam ya sani, wallahi ya sani. Amma da zai ɗora ƙarfen, ga abin da ya ce:

"Sannu da hanya, Hajara, kin sha rana. Zo riƙe mini wayar nan, hannuna rawa yake yi."