Hannun Yaya Sabi'u a Ƙarƙashin Dam

Wallahi abin da zan ba ku ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba, ko da yake shekaru sun ja. Lokacin ina aikin nutso a wani dam da ke gefen Funtua, wato in laka ko ciyawa ta toshe bakin tiyon injin masu noman rani a can ƙasa, ni ake kira in sauka in buɗe, in babu wannan kuma in kama kifi in kai kasuwa.

Yayana Sabi'u ne ya koya mini ruwa a rafin garinmu kusa da Maska. Shi zuciyarsa ba ta zauna a gida ba, ya bi hanya har Fot Sudan, bakin Bahar Maliya, ya samu aiki a wani jirgin ruwa mai ɗaukar baƙi masu nutso da tulun iska a baya. Kuma kun san abin da suke zuwa nema tun daga ƙasashensu? Wasu 'yan halittu ne kamar dodon koɗi marar ɓawo, wani bai kai ɗan yatsa ba, amma launinsu ya fi na atamfa, shuɗi da ja da ruwan ɗorawa. Hoto kawai suke ɗauka su koma. Aikin Yaya shi ne sanin inda suke, ƙarƙashin leɓen dutse, ko jikin tsohon jirgin da ya nutse, ko kan wani soson ruwa da suke ci, sai ya nuna wa baƙo da ɗan siririn ƙarfe, ya ƙwanƙwasa tulunsa sau biyu don mutum ya juyo. Yana turo mana hotunan a waya, ni kuwa in yi ta tsokanarsa cewa ya bar gonar masara ya tafi kiwon tsutsa.

Wata safiya ya sauka shi kaɗai don ya duba wani wuri kafin baƙi su shirya, bai hau ba. Mutanen jirgin sun yi kwanaki suna nema, suka kira mu, suka aiko da takarda da kayansa. Liman ya ce wannan ya isa a yi masa addu'a a zauna makoki, kuma ya kamata matar Yaya, Hauwa, ta shiga takaba. Inna ta ce ba a gidanta ba. Ta ce mai iya ruwa irinsa ruwa ba ya cinsa, ya fita ne a wani gefen, kuma duk wanda ya zo mata ta'aziyya sai ta ce masa ya ɓata hanya. Babu wanda ya iya ja da ita. Wata bakwai Hauwa na zaune a ɗakinta da goyo, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba, iyayenta suna aiko mana muna ba su haƙuri, ni kuma abin yana cin raina, don ina ganin yadda take ramewa kuma ba ni da bakin yi wa Inna magana.

Ranar da abin ya faru tsakar rana ce, rana ta take, an kira ni wani tiyo ya toshe. Ruwan wurin nan jan laka ne, ko tafin hannunka ba ka gani, da lalube muke aiki. Na ja numfashi na bi tiyon har ƙasa, ina cikin cire ciyawa sai na ji ƙarar ƙarfe kan ƙarfe, sau biyu. Na buɗe ido, abin da ba na yi a ruwan nan, sai na ga ruwan ya washe tas, shuɗi, haske na saukowa, kuma bakina ya cika da gishiri. A gabana ga wani dutse, a ƙarƙashin leɓensa ga halittun nan guda uku suna tafiya a hankali, ɗaya shuɗi mai ratsin baƙi, da 'yan ƙahonni biyu suna motsi. Na rantse da Allah ko ƙwayar maye ban taɓa sha ba.

Sai na ga hannu riƙe da siririn ƙarfe yana nuna mini su. Na san hannun, akwai tabon lauje a babban yatsa, ni na ji masa shi muna yara. Ina jin mutum a gefena na dama, kafaɗarsa kusa da tawa, juyawa kawai zan yi in ga fuskarsa. To hannun masunci ne da ni, abin da ya gani a ruwa kamawa yake, kuma na ce a raina bari in kai wa Inna shaida. Na kai hannu na damƙi shuɗin nan, alhali Yaya ya sha faɗa mini a waya cewa dokar aikinsu ita ce kallo ake yi, ba a taɓawa. Ina damƙa ruwan ya rufe ya koma laka, na juya dama na lalubo, babu kowa. Na taso ina tari, na buɗe hannu, taɓo ne kawai.

Ban karɓi ko sannu ba na hau babur na nufi gida. Kafin in isa rigata ta bushe, ta yi fari fat da gishiri kamar an barbaɗa. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗe, na durƙusa na faɗa mata komai, Hauwa na bakin ƙofa tana ji. Inna ba ta katse ni ba. Ta dangwali kafaɗar rigar ta kai harshe, sannan ta ce, "Ashe har yanzu yana cikin ruwan." Ta dubi Hauwa ta ce, "Je ki tsefe kanki, 'yata. Auta, kira mini Liman."

Na miƙe zan fita sai ta riƙo bakin rigata, ta yi ƙasa da murya. Kun san kunyar ɗan fari, Yaya kuwa shi ne ɗanta na fari, tunda nake ban taɓa jin ta tambayi lafiyarsa a fili ba. Ta ce, "Da ka gan shi, ya rame?" Na ce, "Inna, hannunsa kawai na gani." Ta ce, "Ba ka duba fuskarsa ba?" Sai ta sake ni, ta ci gaba da tankaɗe tana hawaye.

An yi addu'a, Hauwa ta gama takaba ta koma gidansu. Inna ta rasu bayan shekara biyu, ba ta ƙara tada zancen ba, ni ma haka. Na koma wurin nan na nutse ya fi a ƙirga, laka kawai nake samu, kuma malaman da na tambaya kowa ya ce Allah ne masani. Abin da zan ce muku, in Allah ya nuna muku naku, ko a tasha ne ko a inda hankali bai kai ba, ku fara duban fuskarsa kafin komai. Ni tambayar Inna, ko ya rame, tana nan a wuyana, ban san amsarta ba.